Likita ya ce kolestarol ɗina ya hau: man da nake shafawa ne ya jawo?

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 48. Wata uku da suka wuce aka auna jinina, likita ya ce kolestarol ɗina ya hau, ya ɗora ni a kan ƙwayar da zan riƙa sha kullum. Da na dawo gida ƙanwata ta nuna mini robar man da nake yi wa gashina sitimin da shi, an rubuta Cholesterol ɓaro-ɓaro a jikinta. Muka duba man fuskata, shi ma akwai kalmar a jerin kayan haɗinsa. Ta ce shekara da shekaru ina shafa wa kaina cuta, fata tana tsotsewa tana kai wa jini. Na zubar da su duka. Yanzu fatata ta bushe tana fari tana ƙaiƙayi, gashina yana karyewa a tsefe, kuma kullum a gajiye nake. Tunda na rabu da abin da ya jawo matsalar, sati biyu ke nan na daina shan ƙwayar. Shin na yi daidai? Kuma me zan koma shafawa?

Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya.

Zan fara da ƙarshen wasiƙarki, don shi ne ya hana ni sukuni tunda na karanta. Ki koma wurin likitanki cikin satin nan, ki gaya masa kin ajiye ƙwayar, ki faɗa masa ranar da kika ajiye da dalilin da ya sa. Kada kunya ta hana ki. Likitoci sun saba jin irin wannan, kuma abin da suka fi tsoro shi ne wanda ya daina magani ya yi shiru. Idan ƙwayar nan daga cikin magungunan da ake kira sitatin ce, kuma ita aka fi bayarwa a irin halinki, aikinta shi ne rage yawan kolestarol ɗin da hanta take ƙerawa. Ba ta warkar da abin gaba ɗaya, riƙe shi take yi. Aka daina sha, cikin 'yan makonni hanta ta koma yadda take, awo ya sake hawa. Kuma hawan kolestarol ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, ba ya ba da wata alama. A hankali yake taruwa a bangon jijiyoyin jini, sai ranar da ya toshe hanyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa. Jin cewa lafiyarki lau a sati biyun nan ba shaida ba ce ta komai.

Ƙanwarki ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma duk wanda ya ga kalma ɗaya a takardar asibiti da jikin robar mai, dole zuciyarsa ta haɗa su. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Man nan ba shi ne ya ɗaga miki awo ba.

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne mai kama da kakin zuma, fari, ba ya narkewa a ruwa. A cikin duwatsun matsarmama aka fara gano shi, kuma masanin kimiyyar haɗe-haɗe na Faransa Michel Eugène Chevreul ne ya raɗa masa suna a 1815, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwan matsarmama da abu mai tauri. Sunansa ya ɓaci a bakin mutane saboda ciwon zuciya, har ana ganinsa kamar guba, alhali babu wata ƙwayar halitta a jikinki da za ta tsaya da kyau ba tare da shi ba. Yana cikin bangon kowace ƙwayar halitta. Da shi jiki yake haɗa ruwan matsarmama mai narkar da kitse, da shi yake haɗa sinadaran da ke tafiyar da al'ada da haihuwa. Sinadarin bitamin D da fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta, daga wani ɗan'uwansa na kusa yake fitowa. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na duk wanda ke jikin mutum. Saboda wannan buƙata, jiki ba ya jiran a kawo masa daga waje, da kansa yake ƙera mafi yawan abin da yake amfani da shi, kusan giram 1 a kowace rana ga babban mutum.

Ki riƙe wannan adadi, mu auna shi da man fuskarki. A kayan shafa, kolestarol kaso kaɗan ne, sau da yawa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Idan kin lakato giram 1 na mai kin shafa a fuska, kuma ba kowa ke kai haka ba, abin da ke ciki miligiram 10 ne zuwa 20. Jikinki kuwa yana haɗa kusan miligiram 1,000 a ranar. Ko da a ce duk abin da kika shafa ya zarce cikin jini, bai kai ya motsa awo ba. Kuma ba ya zarcewa. Abu ne mai tsananin son maiƙo da ƙin ruwa, don haka da ya shiga saman fata sai ya tarar da 'yan'uwansa ya zauna a cikinsu. Shi kansa wanda ke yawo a jini ba da ƙafarsa yake tafiya ba, sai hanta ko hanji sun naɗe shi cikin wasu ƙunshe-ƙunshe na furotin, irin wanda takardar awonki ta rubuta da LDL da HDL. Fata ba ta yin wannan naɗin. Kwamitin masana da ke bin diddigin kayan haɗin kwalliya a Amurka ya duba kolestarol tun 1986, ya yanke cewa ba shi da haɗari a yadda ake amfani da shi.

Na gashi kuwa maganarsa ta fi sauƙi. Silin gashin da ya fito daga fatar kai ba shi da jini, ba shi da jijiya, shi ya sa almakashi ba ya sa ki kuka. Abin da aka shafa masa ba shi da hanyar da zai bi ya koma ciki.

Yanzu bari in tsaya a kan fatarki, don a nan ne na fi jin tausayinki: kin zubar da abin da take nema a daidai shekarun da ta fi nemansa.

Saman fatar mutum akwai wani siririn ɓawo, bai kai kaurin takarda ba, wanda shi ne katangar da ke tsakaninki da duniya. Wani likitan fata na Amurka, Peter Elias, ya kwatanta shi da ginin bulo. Matattun ƙwayoyin fata da suka baje suka jeru hawa 15 zuwa 20 su ne bulon, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne simintin. Wannan siminti abu uku ne aka haɗa. Kusan rabinsa wani nau'in maiƙo ne mai suna seramaid, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kolestarol, sauran kuma wasu sinadaran kitse ne da ake kira fati asid. Su ukun suna jeruwa shimfiɗa a kan shimfiɗa, su hana ruwan jiki tsiyayewa ta fata, su hana ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta kutsawa. A cikin jerin nan aikin kolestarol shi ne daidaitawa: yana shiga tsakanin dogayen sinadaran ya hana su daskarewa su yi gautsi, ya kuma hana su sakin jiki su yi ruwa. Idan ya yi ƙaranci, simintin ya tsattsage. Farin da kike gani idan kin karce hannu, da jan da fuska take yi bayan wanka, da ƙaiƙayin dare, duk muryar katangar da ta tsage ce.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne fata ba ta dogara da na jini ba. Da kanta take ƙera nata a ƙasan wancan ɓawo. Shi ya sa za ki ga mutum kolestarol ɗin jininsa ya yi sama, fatarsa kuma tana fama da ƙarancinsa. Rumbu biyu ne, kowanne da ƙofarsa. Elias da abokan aikinsa sun nuna a shekarun 1990 cewa yayin da fata take manyanta, ƙera maiƙon nan yana raguwa, kuma kolestarol ne ya fi ja baya. Sun kuma gano wani abu da ya shafi zaɓen mai kai tsaye: idan katangar ta lalace aka shafa mata haɗin da bai cika ba, gyaran yakan yi jinkiri, idan aka haɗa ukun sai ya tafi daidai, kuma a fatar manya haɗin da kolestarol ya rinjaya a ciki ya fi saurin gyarawa. Ga mace mai shekara 48, wadda al'ada take shirin ɗaukewa ko ta fara yi mata wasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce, don raguwar estirojin, sinadarin da ke tafiyar da al'adar mata, a wannan lokaci tana ƙara busar da fata.

To ga abin da nake ba ki shawara. Ki nemi mai wanda a jerin kayan haɗinsa za ki ga seramaid da kolestarol tare, da wani fati asid, kuma in da hali babu turare a ciki, don fatar da ta tsage turare yana yi mata zafi. Mai kauri na cikin kwalba ya fi ruwa-ruwan da ake matsowa, a halin da kike ciki yanzu. Ki shafa shi da zarar kin fito wanka, jiki da sauran danshi, kada ki jira ki bushe ƙarau. Ki rage zafin ruwan wanka, ki rage daɗewa a ciki, ki bar goge jiki da soso mai kaushi, ki sauya sabulu mai ƙarfi da mai laushi. Ruwan zafi da sabulu suna wanke simintin nan kamar yadda suke wanke maiƙo a kwano, kuma babu man da zai cike abin da ake kwashewa sau biyu a rana. Ki ba shi sati huɗu kafin ki yanke hukunci, don kusan haka fata take ɗauka ta sabunta samanta. Idan ƙaiƙayin ya kai ga tsagewa, ko jini, ko ruwa yana fita, wannan ya wuce aikin mai, likitan fata za ki gani.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ki sani game da asalinsa. Yawancin kolestarol ɗin kayan shafa daga lanolin ake tace shi, wato maiƙon da ake wankowa daga gashin tumaki bayan an yi musu sausaya. Shi lanolin ɗin yana da kyau ga busasshiyar fata, amma akwai mutane ƙalilan da jikinsu ba ya karɓarsa, musamman masu kirci ko tsohon gyambo, har ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta ware shi a 2023 don a riƙa lura da shi. Kolestarol da aka tace tsaf daban yake da ɗanyen lanolin, amma man gashi da yawa suna ɗauke da duka biyun. Saboda haka duk sabon mai, ki fara gwada shi a cikin gwiwar hannu ko bayan kunne, safe da yamma, na wasu kwanaki. In babu ja, babu ƙuraje, babu ƙaiƙayi, ki ci gaba. Idan kuma zuciyarki ba ta kwanta da abin da aka samo daga dabba ba, ki rubuta wa kamfanin ki tambaye su, ko ki nemi mai ɗauke da sitarol na tsirrai, wanda ake cirowa daga waken soya ko itacen fain. A jikin roba za ki ga an rubuta Phytosterols ko Beta-Sitosterol. Siffarsu ta yi kusa da ta kolestarol sosai, suna tausasa fata suna kwantar da ita. Sai dai kama da wane ba ta wane. Wanda fatarki take ƙerawa da kanta shi ne kolestarol, kuma a kansa aka yi binciken da na ambata.

Sai gashi. A nan zan ɗan rage wa robar nan daraja, ko da yake na wanke ta daga laifi. Gaskiya ne akwai kolestarol a cikin silin gashi. Yana cikin ɗan maiƙon da ke manne ɓawon gashi da cikinsa, tare da seramaid da fati asid, kamar dai a fata. Gaskiya ne kuma rilaksa da rini da bilicin da zafin diraya suna cinye wannan maiƙo, har da wani siririn mai da ke lulluɓe da bayan kowane sili, wanda shi ne ke sa sabon gashi santsi da sheƙi. Amma in kin sami wata robar kika juya bayanta, ki karanta jerin. Ana rubuta kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Za ki tarar ruwa ne a farko, sai sinadaran kitse masu kauri, sai mai, sai abubuwan da ke sa tsefe ya wuce salin-alin. Kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba, sau da yawa can ƙasa za ki same ta. Laushin da kike ji bayan sitimin aikin haɗin ne gaba ɗaya. Wannan ya ƙara nuna miki ƙanƙantar abin da kika tsorata da shi, ya kuma nuna cewa ba dole sai wannan robar ba. Duk kwandishana mai kauri da gashinki ya karɓa zai yi.

Ki koma yin sitimin ɗinki sau ɗaya a sati ko a sati biyu. Bayan shamfu ki matse ruwan, ki shafa daga tsakiyar gashi zuwa baki, inda ya fi tsufa ya fi wahala, ki sa hular leda minti 15 zuwa 30, ki wanke sosai. Kada ki cusa shi a fatar kai, kuma kada ki kwana da shi, don taruwarsa tana sa gashi nauyi, ga mai amosani kuma tana iya ƙara masa. Ki riƙa tsefewa da babban tsefe tun daga baki kina hawa, lokacin da kwandishana ke jiki. Wanda ya riga ya tsage a baki babu abin da zai ɗinke shi, sai a datse. Mai yana rufe rauni ne ya rage karyewa, ba ya sa gashi tsiro, ba ya ƙara masa sauri. Tsiro daga ƙarƙashin fata yake, kusan santimita 1 a wata, kuma abin da ke cikin jini ne yake ciyar da shi. In kina sa rilaksa, ki ɗaga masa ƙafa har gashin ya dawo hayyacinsa.

Wannan ya kawo ni ga kalma ɗaya a wasiƙarki da kika rubuta kamar ba komai ba: gajiya. Na sake karanta wurin sau biyu. Kolestarol ya hau, fata ta bushe, gashi yana karyewa, ga kasala kullum. Mai yiwuwa ne kowanne da dalilinsa, bushewar daga barin mai, gajiyar daga hidima ko damuwa. Amma waɗannan huɗun idan suka haɗu a jikin mace mai shekarunki, akwai abin da ya kamata a duba. A gaban wuya akwai wata 'yar halitta mai suna tayirod, wadda ke saita saurin aikin jiki. Idan ta yi sanyi, komai yana tafiyar hawainiya: hanta ta rage kwashe kolestarol daga jini, fata ta bushe, gashi ya yi gautsi ya zube, mutum ya riƙa jin sanyi fiye da na kusa da shi, ciki ya riƙa ɗaurewa, jiki ya ƙara nauyi ba tare da an ƙara ci ba. Wannan ciwo ya fi kama mata, kuma ya fi yawa daga tsakiyar shekaru. Awon jini guda ɗaya mai suna TSH yake nuna shi, kuma yana da magani mai sauƙi. Ba cewa nake kina da shi ba, daga wasiƙa ba a gane cuta. Wataƙila ma likitanki ya riga ya auna. Ki tambaye shi. Ki roƙi a duba yawan jininki da sinadarin ƙarfe, don ƙarancinsa ma yana kawo kasala da zubar gashi, a duba suga kuma.

Idan kuma gajiyar ta fara ne bayan kin soma shan ƙwayar, ko tana zuwa da ciwon tsoka a cinya da kafaɗa, wannan ma ki faɗa. Wasu suna samun haka da sitatin, kuma akwai mafita: a rage adadi, ko a sauya wata. Shawarar ta likita ce, da ke a zaune a gabansa.

Game da ainihin abin da ya ɗaga awon, ki sa ido a inda ya dace. Shekaru suna ɗaga shi. Ɗaukewar al'ada tana ɗaga shi. Yawan cin kitsen da ke daskarewa, da ƙiba, da rashin motsa jiki suna ɗaga shi. Sannan akwai gado, wanda mutane suka fi mantawa. Akwai wani nau'in hawan kolestarol da ake gada kai tsaye daga uwa ko uba, yana samun kusan mutum 1 cikin 250, kuma mai shi ko ya kiyaye abinci iya kiyayewa sai ya sha magani. Ki tuna ko a danginku akwai wanda ciwon zuciya ya kama da sauran ƙuruciyarsa, ki gaya wa likita. In kin taɓa ganin wasu 'yan tabo rawaya masu laushi a fatar idonki ta wajen hanci, su ma ki nuna masa. Daga ciki suke fitowa, ba daga man fuska ba, kuma ba kowa mai su ne awonsa ya hau ba, amma alama ce da ake dubawa.

Ranar da za ki asibiti, ki tafi da ƙanwarki in ta yarda. Ta ji bayanin daga bakin likita, hankalinta ya kwanta, kuma tunda jininku ɗaya, ita ma a auna nata. Ki ɗauki kwalin ƙwayar da takardar awon farko, ki rubuta tambayoyinki a takarda kafin ki fita daga gida: maganar TSH, maganar gajiya, da ranar da za a sake awo bayan kin koma shan maganin. Ki rubuto mini abin da aka ce. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.